Alƙalin wasa da bidiyo: me ya sa gardama ba ta ƙare ba?

 Akwai tambayar da ke yawan zuwa mana a filin wasanni: tun da an kawo bidiyo don ya taimaki alƙalin wasa, don me har yanzu ake tashi daga gidan kallo ana cacar baki? Wasu kuma cewa suke, da za a kawo na'urar nan filayen kokowa da na tamaula na garuruwanmu, da rigima ta mutu. To, mu bi maganar daki-daki.

Daga ina abin ya fito?

Da yawa sun ɗauka da VAR aka fara. A'a. Amurkawa sun riga 'yan ƙwallon ƙafa da shekaru sama da 30. Suna da wani wasa nasu da ake ɗaukar ƙwallo mai siffar gwanda a hannu ana gudu, abokan hamayya na ƙoƙarin kayar da mai ita. Babbar gasarsu, NFL, ta soma duba bidiyo a 1986. Bayan shekara 6 suka yi watsi da shi, don yana cin lokaci kuma masu ƙungiyoyi ba su gamsu ba. Sai a 1999 suka dawo da shi da sabon tsari.

Ga yadda yake aiki. Mai horarwa yana da jan ƙyalle a aljihu. In bai yarda da hukunci ba, sai ya jefa ƙyallen cikin fili kafin a ci gaba da wasa. Dama biyu ke gare shi tun farko. In bidiyo ya nuna alƙali ne da gaskiya, ƙungiyarsa ta yi asarar ɗaya daga cikin hutun da doka ta ba ta, don haka ba a jefa ƙyallen da wasa. A minti 2 na ƙarshen kowane rabi kuwa, mai horarwa ba ya da ta cewa, jami'in bidiyo ne kaɗai ke tsayar da wasa. Kuma ƙa'idar ita ce ba a sauya hukunci sai hoto ya nuna kuskure ƙarara. In da kokwanto, maganar alƙali ce ke tsayawa.

Duk da haka, ranar 20 ga Janairu 2019 a birnin New Orleans, aka yi abin da har yau ba su manta ba. Saints da Rams na neman zuwa wasan ƙarshe, kowa na da maki 20, saura ƙasa da minti 2. Wani mai tsaron baya na Rams ya bangaje ɗan wasan Saints tun ƙwallo ba ta iso gare shi ba. Laifi ne da duk mai kallon talabijin ya gani, amma alƙalai ba su ce komai ba, kuma doka a lokacin ba ta yarda a duba irin wannan laifi a bidiyo ba. Rams suka yi nasara da 26 da 23. Kukan ya yi yawa, hukumar ta sauya doka aka soma duba shi. Kakar wasa ɗaya kawai aka yi, aka soke, domin gardamar ba ta ragu ba, sai dai ta tashi daga kan alƙalin fili ta koma kan na ɗaki.

To, VAR fa?

A ƙwallon ƙafa, hukumar tsara dokoki ta IFAB ta amince da VAR a watan Maris 2018, aka yi amfani da shi a Kofin Duniya na Rasha a shekarar. A Kofin Afirka an fara ne a Masar a 2019, daga zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. Lokacin da aka fara, abu huɗu kawai yake shiga: cin ƙwallo, fenariti, jan kati kai tsaye, da kuma in alƙali ya hukunta wani a madadin wani. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. In ka ga an yi ƙeta a tsakiyar fili, ba ta kai ta jan kati ba kuma ba ta haifar da ci ba, VAR ba ya da hurumin magana. Ba son kai ba ne, doka ce.

Na biyu, waɗanda ke ɗakin bidiyo shawara suke bayarwa. Alƙalin da ke riƙe da usur shi ke yanke hukunci, ko ya je gefen fili ya duba da idonsa.

Na uku, na'ura tana mutuwa. Ranar 31 ga Mayu 2019, a wasan ƙarshe na gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a Tunisiya, Wydad ta Maroko ta ci Esperance ƙwallo, aka ce satar gida ce. 'Yan Wydad suka ce a duba bidiyo, ashe na'urar ba ta aiki. Suka ƙi ci gaba da wasa, aka yi ta jira fiye da awa guda, daga ƙarshe aka ba Esperance kofi. Maganar sai da ta kai kotun wasanni ta duniya.

Abin da hoto ke gani da wanda ba ya gani

Hukunci iri biyu ne. Akwai na aune: ƙwallo ta haye layi ko ba ta haye ba, ƙafa ta fita ko ba ta fita ba. Nan bidiyo gwani ne. Akwai kuma na fahimta: da gangan ya sa hannu? Turewar ta kai a faɗi, ko dai ɗan wasan ne ya zube don kansa? Nan ko sau goma aka maimaita hoton, mutum biyu masu gaskiya za su iya saɓawa. Ƙari a kan haka, in aka rage saurin hoto, ɗan taɓawa kaɗan sai ta yi kama da mugunta. Kuma kamara daga gefe ɗaya take kallo, abin da ya faru a bayan jikin wani ba ta da labarinsa.

Mu dawo gida

Ku ɗauki kokowa. Tun 1975 da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa, babu abin da ke haɗa 'yan Nijar gaban rediyo da talabijin kamarta. Jihohi 8, kowace da 'yan kokowa 10, kuma mu 'yan Damagaram filinmu ma sunan Langa-Langa yake ɗauke da shi. Rigimar kokowa kusan kullum ɗaya ce: an zube tare, wa ya fara taɓa ƙasa? Wannan tambaya ce ta aune, irin wadda hoto mai kyau kan iya warwarewa in an ɗauka daga ɓangarori da dama.

Amma a kokowar bayan kaka a ƙauye, ko gasar tamaula ta matasa lokacin hutun makaranta, abin da muke da shi salula ce a hannun ɗan kallo. Hoton na rawa, ƙura ta tashi, mai ɗaukan kuma yana da nasa gwanin. Kafin magariba an yanko daƙiƙa biyar an watsa a WhatsApp, ɗan uwa na Legas ko Sabha ya gani ya aiko da murya mai zafi, alƙali ya zama ɓarawo. Alhali sau da yawa malamin makaranta ne ko tsohon ɗan wasa da ya tsaya a rana don taimako. In aka zage shi yau, gobe wa zai karɓi usur? Kuma gabar da aka ƙulla a fili ba a fili take tsayawa ba, tana bin mutane har kasuwa da wurin biki, tsakanin garuruwan da ke auren juna.

Darasin da za mu ɗauka daga Amurka da VAR ba na'ura ba ce, tsari ne, kuma ba ya buƙatar ko dala. Kafin a fara gasa, a zauna gaban mai gari da shugabannin matasa a karanta dokoki kowa ya ji. A ɗauko alƙali daga garin da ba ya cikin karawar. A yarda cewa kaftin ko mai horarwa kaɗai ke kai ƙorafi, kuma a ƙayyade sau nawa. A fayyace tun farko ko za a karɓi hoton salula a matsayin shaida, da kuma wanda zai duba shi. In hoton bai nuna ƙarara ba, hukuncin alƙali ya tsaya, a ba juna hannu.

Ku kuma 'yan uwa na nesa, in guntun bidiyo ya iso muku, ku tambayi wanda ya ga wasan tun daga farko kafin ku tura gaba. Mai shawara ko labarin yadda garinsu ke shirya gasa ba tare da rigima ba, ya aiko mana, za mu karanta a filin wasanni. Allah ya ba mu zaman lafiya.