Darasin jami'a da ke bayyana wanda ke riƙe da makunnin sabis a Tambuwal da Kebbe

A watan Satumban 2021 gwamnatin Sakkwato ta sanar da katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar, domin toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu bayanai. Tambuwal, mahaifar gwamna na lokacin Aminu Waziri Tambuwal, tana cikin jerin. Makonni kaɗan kafin nan hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a faɗin Zamfara, jihar da ta yi iyaka da ƙaramar hukumar Kebbe.

Masu sana'ar POS sun nade tabarma, 'yan kasuwa sun koma aika saƙo ta bakin direbobi. Sai dai tambayar da ta fi muhimmanci ba ta samu masu yi da yawa ba: me aka kashe takamaimai, kuma wa ke da ikon kashe shi? Amsar tana cikin darasin tushen sadarwar kwamfuta, wanda ɗaliban fannin ke ɗauka a jami'o'i irin su Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda ke kan hanyar Tambuwal zuwa Jega.

Yadda saƙo ke tafiya

Abu na farko da ɗalibi ke koya shi ne saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Hoton da aka tura daga Kebbe ana yanka shi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa, wato adireshin IP. Kamar dilan albasar Aliero ne da ya raba kayansa a motoci daban-daban, kowane buhu da sunan mai shi: motocin na iya bin hanyoyi mabambanta, amma a tasha ɗaya za a ƙirga. Ƙa'idar TCP ita ce mai ƙirgar. In buhu ɗaya ya ɓata, sai ta nemi a sake turo shi.

Na biyu, aikin hawa-hawa ne. Littattafan koyarwa suna raba shi hawa bakwai bisa tsarin OSI, daga waya da iskar rediyo a ƙasa har zuwa manhajar da mutum ke taɓawa a sama. Daga wayar hannu saƙon na zuwa turakun da ke kusa, daga nan ya bi wayar faiba ko eriya zuwa cibiyar kamfani, sannan ya shiga babbar hanya. In inda ya nufa yana wajen ƙasar, yawanci sai ya gangara Legas, ya bi wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku.

Kowane hawa da irin lalacewarsa

Amfanin sanin hawa-hawan nan shi ne rarrabe matsaloli da jama'a ke haɗa su a kalma ɗaya, “babu sabis”. Abin da aka yi a 2021 ya shafi hawa na ƙasa: an kashe turaku, don haka babu dabarar manhaja da za ta yi magani, sai dai mutum ya yi tattaki zuwa inda wata turakar ke aiki. Haka ma rahotanni suka nuna cewa a yankunan kan iyaka wasu sun koma amfani da layukan Nijar, domin iskar rediyo ba ta san shingen kwastan ba.

Dakatar da Twitter da gwamnatin tarayya ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 kuwa a hawan sama aka yi shi. Hanyar tana nan, ƙofa ɗaya aka rufe, shi ya sa matasa suka zagaye ta da VPN. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, ciki har da MainOne da WACS, harkar bankuna ta yi tsaiko har a garuruwan da ke da nisan ɗaruruwan kilomita da teku. Wannan shi ne darasin da ake kira haɗarin dogaro da hanya ɗaya. Shi ne kuma dalilin kafa cibiyar musayar intanet ta IXPN a 2006, domin saƙon da ɗan Najeriya ya aika wa ɗan Najeriya ya daina zagayawa ta Turai.

Inda darasin ya haɗu da akwatin zaɓe

Mutanen kudancin Sakkwato sun san darajar ƙuri'a ɗaya. A 2019 da ratar ƙuri'a 342 aka raba gardamar kujerar gwamna, bayan zaɓen cike gurbi da Kebbe ke cikin wuraren da aka sake shi. A irin wannan yanki, ko sakamakon rumfa zai iya hawa intanet nan take ba ƙaramar magana ba ce.

A Yulin 2021, lokacin da majalisar tarayya ke muhawara kan tura sakamako ta na'ura, jami'an NCC sun shaida wa 'yan majalisar wakilai cewa kusan rabin rumfunan zaɓe ne kawai ke da sabis na 3G. A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 kuma, sakamakon 'yan majalisa ya riƙa hawa shafin IReV, na shugaban ƙasa ya maƙale. Wanda ya fahimci darasin zai lura cewa na'urar BVAS ɗaya ce, turaka ɗaya ce, don haka ba za a ɗora laifin a kan sabis ba. Rahoton da INEC ta fitar a 2024 ma ya ce matsalar daga tsarin manhajarta ta taso. Ko an gamsu da bayanin ko ba a gamsu ba, sai mai wannan ilimi ne zai san tambayar da ya kamata ya yi.

Yadda ya kamata a koyar

A ƙarshen 2022 hukumar kula da jami'o'i NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhajar CCMAS, wadda ta ware ilimin kwamfuta a matsayin fanni mai zaman kansa, ta kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na abin da za ta koyar. Wannan kaso dama ce ga jami'o'in yankin. Ɗalibin da ya haddace hawa bakwai domin jarrabawa, amma bai taɓa haɗa waya da hannunsa ba, bai taɓa bin sawun saƙo daga wayarsa zuwa Legas ba, ya san sunan rijiya ne bai san zurfinta ba.

Kayan gwajin farko ba su da tsada: kwamfutoci biyu, na'urar raba hanya ɗaya, da manhajoji na kyauta irin su Wireshark da Packet Tracer. Aikin aji na iya zama auna ƙarfin sabis ƙauye-ƙauye tsakanin Tambuwal da Kebbe, a zana taswirar inda yake da inda babu. Irin wannan taswira za ta amfani malamin asibiti da wakilin jam'iyya a rumfa da ɗan jarida.

A 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Kare turaka daga ɓarayi abu ne guda. Sanin wa ke da ikon kashe ta, bisa wace doka, kuma zuwa yaushe, wani abu ne daban. Wannan tambaya tana buƙatar matasan da suka san yadda hanyar take.