Kalmar "bashi" a darasin lissafin kuɗin kamfani

Abu na farko da ake koya wa ɗaliban babban digiri a fannin kasuwanci shi ne cewa duk abin da kamfani ya mallaka daidai yake da bashin da ake bin sa haɗe da jarin masu shi. A kan wannan ƙa'ida aka gina rubutu mai gida biyu, wanda Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa na lissafi da aka buga a birnin Benis na Italiya a 1494. Ba shi ya ƙago hanyar ba, fataken Italiya sun daɗe suna aiki da ita. Kowace harka ana shigar da ita sau biyu, hagu da dama, kuma tilas jimillar ɓangarorin ta zo ɗaya.

Ga mai fassara darasin zuwa Hausa, wuyar tana wurin kalmar "bashi". Faransanci yana da "créance" da "dette", Hausa kuwa suna ɗaya gare ta, aikatau ne ke raba gardama. In an ce "ɗan kasuwa yana bin dillali bashi", kuɗin dukiyarsa ne, ko da bai shigo hannu ba. In an ce "ana bin ɗan kasuwa bashi", nauyi ne a wuyansa. Wanda ya rubuta "bashi" kurum a kan shafi, bai faɗi komai ba.

Misali, a ɗauki mai sayar da albasa da ya fara da jarin jika 500. Ya karɓi kayan jika 300 bashi, ya sayar da su jika 400, su ma bashi. Dukiyarsa ta zama 900: tsabar kuɗi 500, da 400 da yake bi. A ɗaya ɓangaren akwai 300 da ake bin sa, da jari wanda ya hau 600. Ya ci ribar jika 100 ke nan, alhali ko dala ba ta ƙaru a aljihunsa ba. Haka wasu kamfanoni ke durƙushewa da riba a takarda, in masu bin su sun matsa kafin a biya su.

A Nijar, Cadi da Kamaru, tsarin SYSCOHADA, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki a 2018, ya raba su da lamba: asusu na 40 na masu kawo kaya ne, na 41 kuwa na masu saye.