Yadda wata kwamfuta ke karɓar aiki idan rumbun bayanai ya tsaya

Duk kuɗin da aka tura ta manhajar banki ko na'urar POS, sai an rubuta shi a rumbun bayanai da ke kan wata babbar kwamfuta da ake kira uwar garke. Idan ta tsaya, ciniki ya tsaya. Shi ya sa manyan kamfanoni ke tanadar wata kwamfutar da za ta karɓi aikin nan take, kuma hanyoyi biyu ne suka fi shahara.

Ta farko ita ce haɗa kwamfutoci biyu ko fiye su zama gungu ɗaya, suna amfani da ma'ajiya guda. Ɗaya na aiki, ɗaya na sauraron siginar da take aikowa a kai a kai. Da siginar ta yanke, sai ta biyun ta kama ma'ajiyar ta ci gaba. SQL Server na kamfanin Microsoft yana da irin wannan tsari. Babu abin da ke ɓacewa, tun da bayanan na wuri ɗaya. To amma idan ma'ajiyar ce ta lalace, ko gobara ta ci ginin, gungun duka ya tafi.

Hanya ta biyu ita ce kwafi. Kowace kwamfuta na da nata rumbun, babbar kuma tana tura wa sauran duk canjin da aka yi. MySQL da PostgreSQL duk suna yin haka, kuma ana iya ajiye kwafin a wani gari mai nisa. A nan ne ake fuskantar zaɓi mai wuya. Idan babbar za ta jira sai kwafin ya tabbatar da karɓa kafin ta ce wa abokin ciniki an gama, ba a asarar komai, amma aiki yana nawa, musamman idan tazarar na da yawa. Idan ba za ta jira ba, aiki na sauri, sai dai duk abin da bai isa kwafin ba a lokacin da ta tsaya yana iya salwanta. A banki, wannan na iya zama kuɗin wani.

Haɗarin da ya fi girma shi ne a ɗauka babbar ta mutu alhali layin sadarwa ne kawai ya katse. Sai a wayi gari da kwamfutoci biyu, kowacce na ganin ita ce shugaba, kowacce na rubuta nata. Maganin da aka saba da shi shi ne ƙuri'a: a sa kwamfutoci uku ko biyar, ɓangaren da ke da rinjaye kaɗai ke da ikon naɗa sabuwar shugaba, a kuma toshe tsohuwar.

Ko da ƙuri'ar, abu kan ƙwace. A ranar 21 ga Oktoba, 2018, ana cikin sauya wata na'urar sadarwa, cibiyar bayanan GitHub da ke gabashin Amurka ta yanke daga sauran na daƙiƙa 43. Manhajar Orchestrator, mai kula da rumbunan MySQL na kamfanin, ta yi abin da aka tsara mata: ta miƙa shugabanci ga kwamfutocin yammacin ƙasar. Da layin ya dawo, gabas na riƙe da rubutun 'yan daƙiƙoƙi da bai isa yamma ba, yamma kuma ta riga ta fara karɓar sabo. Komawa gabas kai tsaye na nufin zubar da bayanan mutane.

Injiniyoyin suka zaɓi kare bayanan, ko da shafin zai daɗe bai daidaita ba. Suka sake gina rumbunan gabas daga ajiyar ko-ta-kwana, wadda kwafi bai taɓa maye gurbinta ba. Aikin ya ɗauki sa'o'i 24 da minti 11. Daga baya kamfanin ya sauya tsarin Orchestrator domin kada ta ƙara tsallakar da shugabanci daga wani yanki zuwa wani da kanta.