Nauyin da ke Kan Ubangida a Kasuwancin Karkarar Maraɗi

A gundumomin Gidan Rumji da Agiye da Gazawa, mafi yawan masu ɗaukar ma'aikata ba masu manyan masana'antu ba ne, domin akasarinsu masu injin niƙa ne da masu walda da teloli da masu motocin jigila da 'yan kasuwar da ke sarin aya da wake da riɗi, kuma kowannensu yana riƙe da 'yan ma'aikata kaɗan. Dangantakar da ke tsakaninsu ita ce ta ubangida da yaransa, wato yarjejeniyar baki wadda a ƙarƙashinta yaro yake ba da ƙarfinsa da amanarsa, shi kuwa ubangida ya ɗauki nauyin ci da sutura da magani, wani lokaci har da kayan aure, sannan bayan shekaru ya sallame shi da ɗan jari. A kan wannan tsari ne Alhazan Maraɗi suka gina dukiyarsu tun zamanin cinikin gyaɗa, amma shi ne kuma yake ɗaure hannun ƙaramin ɗan kasuwa a yau, saboda yaron da ke shago yawanci ɗan ɗan'uwa ne ko na maƙwabci, kuma korarsa a lokacin da kasuwa ta mutu abin kunya ne da zai bi mutum har masallaci. Ga shi kuɗin shago da na cefane suna kwana a aljihu ɗaya, babu littafin da ke raba su, don haka ubangida kan daɗe yana cin jarinsa yana zaton riba yake ci.

Lokutan shekara ma ba sa taimakonsa. Da saukar damina ma'aikata suke komawa gonakin iyayensu, bayan kaka kuma matasa su tafi cin rani zuwa Kano ko Legas ko Libiya ko wuraren haƙar zinariya na jihar Agadas, kuma sau da yawa wanda ya fi ƙwarewa shi ne farkon tafiya, bayan an gama wahalar koya masa aiki.

Babbar matsalar dai tana kan iyaka, inda ubangida ba shi da ta cewa. Kuɗin sefa a ɗaure yake da yuro a kan 655.957, ita kuwa naira an sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023, darajarta ta zube ƙwarai. Ɗan kasuwar da ya sayi buhunan aya a Gazawa da sefa, ya biya 'yan dako da kuɗin mota da na duwan, ya ƙetara ta Ɗan Isa zuwa Jibiya ya sayar da naira, yana iya tarar da cewa kafin ya kai kuɗin wurin ɗan canji ribar ta narke, alhali yaransa suna jiran haƙƙinsu da sefa. A ɗaya ɓangaren, faɗuwar naira tana sa kayan Najeriya su yi arha, har mai ƙaramar sana'ar sabulu ko man gyaɗa ya kasa gogayya da su a kasuwar garinsu. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sake rufe ta tare da yanke wutar lantarkin da Nijar take samun kusan kashi 70 cikin ɗari na buƙatarta daga can, har zuwa farkon 2024. Mai walda da mai sayar da ƙanƙara sun koma kan janareta a daidai lokacin da janye tallafin mai a Najeriya ya kawo ƙarshen arhar fetur ɗin bumburutu.

Neman jari kuwa tafiya ce mai nisa. Banki yana neman jingina, wato kadara mai takarda wadda zai riƙe idan an kasa biya, alhali yawancin filayen karkara gado ne marar takarda, ƙananan cibiyoyin lamuni kuma ruwansu kan yi tsada, ban da ƙyamar da mutane da yawa suke yi wa kuɗin ruwa saboda addini. Abin da ya rage shi ne adashe da asusun ƙungiyoyi irin na Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, wanda ya isa ya tayar da mai ƙuli-ƙuli amma bai isa ya sayi injin matsar mai ba.

Doka tana da nata buƙatun. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a 2024, kuma wajibi ne a yi wa ma'aikaci rajista a CNSS, hukumar da ke kula da fansho da haɗarin aiki. Manufar tana da kyau, sai dai an tsara ta ne don mai samun kuɗi kowane wata, shi ya sa da yawa suke ƙin yin rajista, abin da ke hana su kwangilar gwamnati da bashin banki, su ci gaba da zama ƙanana.

Rashin tsaro ya ƙara wani nauyin. Tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shigo yankin, kuma Cadakori na cikin wuraren da aka tsugunar da su, abin da ya ƙara hannun aiki da masu saye, ko da yake masu ƙaramin ƙarfi ne. A ƙauyukan Gidan Rumji da ke dab da iyaka, masu garkuwa da mutane sun fi sa ido kan wanda aka san yana da abin hannu, saboda haka mai shago yakan ji tsoron faɗaɗa sana'arsa ko sayen sabuwar mota, wasu kuma sun kwashe iyali da jari sun koma birnin Maraɗi, suka bar yaran da suke ciyarwa ba aikin yi.