Fim Ɗin The Innocents: Tsoro Mai Shiga Sannu a Hankali

A 1961 darakta Jack Clayton ya fitar da The Innocents, wanda aka gina kan littafin Henry James na 1898, The Turn of the Screw. Deborah Kerr ta fito a matsayin malamar da aka ɗauka ta kula da marayu biyu, Miles da Flora, a wani katafaren gida mai suna Bly a karkarar Ingila.

Irin wannan salo ake kira gotik: tsohon gida nesa da jama'a, da wani sirri da kowa ke tsoron ambata. Babu dodo, babu zubar da jini. Sannu a hankali malamar ta fara ganin ma'aikatan gidan biyu da suka riga suka mutu, har ta gaskata sun shiga jikin yaran. Fatalwa ce da gaske, ko hankalinta ne ke gushewa? Fim ɗin ya ƙi yanke hukunci, kuma a ganina nan ne ƙarfinsa yake.

Mai ɗaukar hoto Freddie Francis ya yi aikin a baƙi da fari, ya duhunta gefunan allo da gangan, har mai kallo ya riƙa leƙen kowane lungu, gabansa na faɗuwa.