Sayen Kadara Don Jiran Tsada

A Nassarawa GRA, tsohuwar unguwar Turawan mulki a Kano, za ka ga fili a katange, ƙofar ƙarfe ta yi tsatsa, ciyawa har gwiwa, maigadi kaɗai ke kwana ciki. Mai shi bai saya don ya gina ba, jira yake farashi ya ninka. Wannan ne masana tattalin arziki ke kira speculation da Turanci: ka zuba kuɗi a kadara, ba don amfaninta ba, sai don hasashen za ta yi tsada gobe. Abin yana damuna, domin magidanci mai neman haya ne ke biyan kuɗin wannan jira.

Haka ake yi da dala a Wapa, kasuwar canjin kuɗi ta Kano. Bayan Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa darajar naira a Yunin 2023, dala a farashin hukuma ta tashi daga kusan naira 460 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, masu ɓoyonta suka kwashi riba. Amma hasashe yana cin mai shi: waɗanda suka tara masara da tsada a kasuwar hatsi ta Dawanau sun ji jiki da farashi ya karye a 2025.