Ko a Duniyar Wata, Lebura Ne Ke Shan Wuya: Haƙar Ma'adinai a Finafinan Kimiyya

Duk wanda ya saba zama gidan kallo ya san in aka sa fim ɗin sararin samaniya, abin da ido ke fara kamawa shi ne kumbo da dodanni da bindigogi masu fitar da haske. Amma da mai kallo zai tsaya ya tambayi kansa, wai me ma ya kai mutanen nan can, to sau da yawa amsar ɗaya ce: haƙar ma'adinai. Masu shirya waɗannan finafinai suna hasashen cewa wata rana arzikin ƙasa zai ƙare, sai an fita nema a wasu duniyoyi. Abin mamakin shi ne, injuna sun canza, wuri ya canza, amma halin da lebura ke ciki yana nan jiya i yau.

Kaya sun fi rai daraja

A fim ɗin Alien (1979) na darakta Ridley Scott, kumbon Nostromo ba na yaƙi ba ne, na dako ne. Tan miliyan 20 na ma'adinai ya jawo, da ma'aikata 7 a ciki. Tun kafin dodo ya bayyana, Parker da Brett, masu aikin inji, suna ta ƙorafi kan kason kuɗin da ake ba su. Daga baya jaruma Sigourney Weaver, wadda ta fito a Ripley, ta gano umarnin sirri na kamfani: a kawo dodon da ransa, ko da ma'aikatan za su ƙare. To, wane ne dodon gaskiya ke nan?

Shi kuwa Outland (1981), Sean Connery ne ɗan sandan da aka tura wata mahaƙa a Io, ɗaya daga watannin duniyar Jupita. Nan ya tarar leburori na haukacewa suna kashe kansu. Ashe da sanin manaja ake shigo musu da wata ƙwaya mai sa su yi aiki ba gajiya, daga baya ta juya musu ƙwaƙwalwa. Aiki na ƙaruwa, kamfani na murna, ana kwasar gawa.

Iska ma sai da kuɗi

Masoya Arnold Schwarzenegger, wato Kwamando, ba za su manta da Total Recall (1990) ba. A can duniyar Mars ake haƙar wani ma'adini na ƙage mai suna turbiniyam, kuma bos ɗin fim ɗin, Cohaagen, ba ramin kaɗai ya mallaka ba, har da iskar da jama'a ke shaƙa. Da wata unguwa ta yi masa taurin kai, sai kawai ya sa aka kashe mata fankoki. Wa ya ga mugunta!

Sai dai a wajen ban tausayi babu kamar Moon (2009) na Duncan Jones. Sam Rockwell ya fito a ma'aikaci tilo da ke lura da injunan tono hiliyam-3 a duniyar wata, bisa kwangilar shekara 3. Yana ta ƙirgen kwanakin komawa wurin matarsa da 'yarsa, sai ya gano shi kwafi ne kawai. Kamfani ya tara irinsa birjik a ɗakin ƙasa, in wannan ya lalace a tayar da wancan. Ba albashi, ba sallama, ba fansho.

Masu ƙasa fa?

A wannan shekara ta 2009 James Cameron ya juya kyamara wajen masu ƙasa. A Avatar, kamfanin RDA na neman ma'adinin da ake sayar da kilo ɗaya dala miliyan 20, ga shi kuma yana ƙarƙashin ƙatuwar bishiyar da ƙabilar Na'vi ke zaune. Da lallashi ya ƙi, sai aka kawo rokoki. Haka ma Dune (2021 da 2024), inda manyan gidaje ke yaƙi kan yajin da ake kwasa a hamadar Arrakis, mutanen hamadar kuwa ba wanda ya nemi izininsu. Black Panther (2018) ne ya zo da akasin haka, domin mutanen Wakanda ɓoye arzikinsu suka yi, suka sarrafa abinsu da kansu.

Ina gaskiyar take?

A zahiri dai da sauran tafiya. Kumbon Hayabusa2 na Japan ya dawo a 2020 da giram 5.4 kacal na ƙasar wani curin dutsen sararin samaniya, na Amurka kuma, OSIRIS-REx, ya kawo giram 121.6 a 2023. Tsakanin wannan da tan miliyan 20, ai kamar sama da ƙasa ne. Duk da haka, tun 2015 Amurka ta yi dokar da ta ba kamfanoninta damar mallakar abin da suka haƙo a can. Wato ana rabon nama tun giwa na daji.

Amma ɗaya ɓangaren labarin ba sai an je Mars ba. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. A Arlit ta Nijar kuwa, tun 1971 aka fara fitar da yuraniyam zuwa tashoshin lantarkin Faransa, alhali ƙauyukan ƙasar da dama na kwana cikin duhu.

Shi ya sa Neptune Frost (2021) ya cancanci a nema a kalla. Saul Williams da Anisia Uzeyman sun ɗauke shi a Ruwanda, kuma jaruminsa mai haƙar koltan ne, ma'adinin da ake sa wa cikin wayar salula, wanda aka kashe masa ƙane a bakin rami. Ba kumbo ko ɗaya, amma fim ɗin kimiyya ne sosai. Furodusoshin Kano da Kaduna da Jos, ga labari nan a ƙofar gida. Saura wa zai ɗauki kyamara?